BINDIGAR TOKA DA FARAUTAR BAREWA

Jawabi ga maharba da shugabannin jama'a na ƙasar Boɗinga da Shagari



Maƙasudin wannan jawabi abu uku ne. Na fari shi ne ran maharbi, domin bindigar da ya ke rataye da ita ta kan ci mai ita in ya yi mata sakaci. Na biyu shi ne barewa da 'yan'uwanta, waɗanda suka yi ƙaranci a dajin nan har yaro ya kan girma ya yi aure bai taɓa ganin ko ɗaya da idonsa ba. Na uku kuwa doka ce, gama zamanin da mutum zai saɓi bindiga ya kama hanya ba mai tambayarsa, wannan zamani ya wuce. To, sai a kasa kunne, in kunne ya ji jiki ya tsira.

ASALIN BINDIGAR

Bindigar da a ke magana a kanta ita ce wadda a ke ɗura wa albarushi ta baki. Wasu su kan ce mata adaka, wasu bindigar toka, masu ba'a kuma su ce harba-ka-ruga, watau in ka harba sau ɗaya ba ka samu ba sai ka nemi ƙafa. Kalmomin nan uku, bindiga da albarushi da harsashi, duk daga Larabci Hausa ta aro su, abin da ke nuna cewa ta bakin fataken hamada aka fara jin labarinta. A Barno, Mai Idris Aloma ya riƙe 'yan bindiga Turkawa tun a ƙarni na 16. Littafin Tarihin Kano kuwa ya ambata cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi Kano daga Nufe. Ashe ke nan ta hanya biyu ta shigo ƙasar Hausa, ta arewa a bayan raƙumi, ta kudu kuma daga bakin teku.

Irin mai ƙanƙara ɗin nan a ƙasar Faransa aka kyautata ƙirarta a farkon ƙarni na 17. Daga baya maƙeran birnin Bamingam na Ingila suka riƙa ƙera ta da ɗimbin yawa domin kasuwar Afirka ta Yamma. Turawa sun laƙaba mata sunan mutanen Danmak, saboda su ma sun yi cinikinta ƙwarai a garuruwansu na gaɓar teku wajen Ankara, kafin su sayar wa Ingilishi wuraren a 1850.

Amma duk da haka ta daɗe ba ta yawaita a ƙasar nan ba. Yaƙin Tafkin Kwatto na 1804, wanda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ja, da kwari da baka aka ci shi. Malam Abdullahin nan shi ne ya zauna a Boɗinga sa'ad da Shehu Mujaddadi ya ke Sifawa, kafin Shehu ya koma Sakkwato a 1815. Ko a 1826, da Baturen nan Kalafatan ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa yaƙin Gobir, ya ga mayaƙa dubbai, amma bindigogin da ya ƙidaya ba su wuce 42 ba. Shi ya sa har wa yau shugaban maharba Sarkin Baka a ke ce masa, ba a ce masa sarkin bindiga.

Akwai dalilin da ya sa wannan tsohuwar ƙira ta daɗe a hannun talakawa bayan an bar yayinta a Turai. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Burasal, suka hana a sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani, amma suka bar mai ƙanƙara da baƙin albarushi. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a ran 15 ga Maris 1903 haka aka ci gaba. Da maƙeran gida suka gane kanta, sai suka shiga gyara ta da ƙera ta, ta zama 'yar gida.

YADDA TA KE AIKI

Wanda ya san ƙyastu ya san rabin sirrin wannan bindiga. A gefenta akwai wani ƙarfe mai baki kamar na awartaki, shi ke riƙe da ɗan dutsen ƙanƙara. In maharbi ya ɗana, sa'an nan ya ja kunama, ƙarfen nan sai ya sara gaba, ƙanƙara ta karci wani farantin ƙarfe, tartsatsi ya zuba cikin wani ɗan kasko inda aka barbaɗa albarushi kaɗan. Wannan ya kama, wuta ta bi wata 'yar huda ta shiga cikin bututu, ta tarad da babban ɗuri, shi kuwa ya tashi gaba ɗaya ya tura harsashi waje. Akwai wata ƙira ta baya wadda ba ta da ƙanƙara, sai 'yar hula ta tagulla da a ke ɗorawa bisa hudar, ƙarfe ya buge ta ta ba da wuta. Wannan ta fi jure laima, amma ɗurinsu ɗaya ne, haɗarinsu ma ɗaya.

Abu biyu ya kamata a lura da su a nan. Na ɗaya, tsakanin jan kunama da fitar harsashi akwai ɗan jinkiri, ko da ƙiftawar ido ne. Maharbin da ya razana da walƙiyar kasko ya motsa hannu, ya riga ya ɓata harbinsa. Na biyu, cikin bututunta sumul ya ke, ba shi da tsagar nan mai murɗawa ta bindigar soja wadda ke sa harsashi ya tafi sak. Saboda haka in ya wuce taki arba'in ko hamsin, harsashinta ba shi da alkawari. Wanda ya harbi barewa daga nesa, galibi ba kashe ta zai yi ba, karya mata ƙafa zai yi ko ya huda mata ciki, ta tafi ta mutu a ƙarƙashin sabara, ungulu su ci. Shi ya yi hasarar albarushi, daji ya yi hasarar barewa, ba wanda ya ƙaru.

ƊURI DA HAƊARINSA

Tsarin ɗuri sananne ne. A tsai da gindin bindiga a ƙasa, a kau da bakinta daga fuska. A auna albarushi a zuba, a bi shi da ɗan tsumma, a tura da sandar ɗuri. A sa harsashi, a sake bin sa da tsumma, a danna har ya zauna daram bisa albarushi. Kasko shi ne na ƙarshe, ba a barbaɗa masa kome sai an kai inda za a yi harbi. A cikin wannan ɗan aiki ne yawancin yatsu da idanun da aka rasa suka tafi, kuma kusan kullum ta ɗayan hanyoyin nan shida ne.

Ta fari, zuba albarushi kai tsaye daga gora ko ƙaho. Bayan harbi wani ɗan garwashi na tsumma ya kan rage a cikin bututu. In albarushi ya same shi wuta za ta haura ta kama goran duka a hannun mutum. Sai a zuba a ma'auni tukuna, a toshe gora, sa'an nan a juye.

Ta biyu, ɗuri bisa ɗuri. Mutum ya ɗura da yamma ya jingine, da asuba ya manta ya sake ɗurawa, ko kuwa ƙanensa ya ɗauka bai sani ba. Maganin wannan mai sauƙi ne. A zura sandar ɗuri sa'ad da bindiga ba kome a cikinta, a yi wa sandar tsaga daidai bakin bututu. Duk ran da aka zura aka ga tsagar ta tsaya a sama, to, akwai abu a ciki.

Ta uku, barin sarari tsakanin albarushi da harsashi, ko kuwa bakin bindiga ya toshe da laka ko gidan zanzaro. Wuta in ta rasa hanya ta gaba, sai ta nemi ta gefe, gefen nan kuwa nan hannun hagu ya ke.

Ta huɗu, baƙon albarushi. Garin da ke cikin harsashin bindigar zamani, da kan ashana, da na abin wasan wuta na yara, ƙarfinsu da saurin kamawarsu ba irin na baƙin albarushi ba ne. Bututun adaka ba a yi shi dominsu ba. Ƙara yawan ɗuri kuma ba ya ƙara nisan harbi yadda a ke zato, sai dai ya kusantar da ranar fashewa.

Ta biyar, mugun ƙarfe. Bututun famfo ɗinke shi aka yi a tsaye, an yi shi domin ruwa, ba domin wuta ba. Ya kan jure harbi hamsin ya tsage a na hamsin da ɗaya. Har ma ƙarfe na ƙwarai tsatsa ta kan cinye shi daga ciki, gama tokar albarushi tana jan laima. Bindigar da aka harba, a wanke cikinta da ruwan zafi a ran nan, a busar, a shafa mai.

Ta shida, wutar da ta yi nawa. Wani lokaci kasko ya kan kama amma ɗuri ya yi shiru, musamman da damina ko da sanyin asuba. Maharbi ya sauke bindiga ya leƙa bakinta, ko ya juya wajen abokinsa zai yi magana, sai ta tashi. In ta ƙi tashi, a bar bakinta yana duban inda aka auna har minti ɗaya cur kafin a taɓa kome.

Ban da waɗannan, kada a hau babur da bindiga a ɗure, kada a tsallake shinge ko a hau itace da ita a ɗane, kada a ajiye albarushi kusa da murhu ko inda yara za su kai hannu. Sa'an nan ga maganar dalma. Masu fasa tsohon batirin mota su narka dalma a tsakar gida domin yin harsashi, su tuna da abin da ya auku a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da a ke daka a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Hayaƙinta da ƙurarta guba ne, kuma yara ta fi yi wa illa. Naman da ke kewaye da ramin harsashi ma a yanke shi a zubar.

In kuwa tsautsayi ya auku, a danne raunin da tsabtataccen ƙyalle, a nufi asibiti nan da nan, kada a tsaya shafa toka ko ƙasa. Mutane da yawa su kan ɓoye mai rauni don tsoron 'yan sanda har ya rasa hannu. To, a sani tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti ya karɓi wanda harbi ya sama ya yi masa magani, ba sai an kawo takardar 'yan sanda ba tukuna.

MAHARBI A DAJI

Bindigar da ke da harbi ɗaya tak ita ce ta koya wa maharban da ilimin daji. Tun da ba shi da na biyu, tilas ya kusanci nama, kusantar barewa kuwa ba aikin mai gaggawa ba ne. Tana da ido, tana da kunne, tana da hanci, ga gudu wanda har aka yi karin magana da shi, aka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Maharbi na ƙwarai ya kan fita tun da jijjifi. Kafin kome sai ya ɗebi ƙura ya sake ta ya ga inda iska ta nufa, domin ya zo wa nama ta inda iska ke bugun fuskarsa. Ya san sawun da ya kwana da na yanzu, ya san kashin barewa da na akuya, ya san inda ta kan zo cin 'ya'yan gawo da na aduwa in sun zuba. Wasu su kan ɗaura burtu a goshi, watau kan tsuntsun nan ko kamanninsa da aka sassaƙa, su lulluɓa da baƙin zane, su tafi a durƙushe suna kaɗa kai kamar tsuntsu yana kiwo. Namun daji sun saba da burtu, ba su gudunsa. Haka mutum zai yi ta jan jiki cikin ƙarangiya da rana, har ya kai inda ya ke ganin ƙiftawar idonta. Sa'an nan ne ya kan auna bayan kafaɗa, ya yi bisimilla, ya ja kunama.

Wannan kusanta tana da wani amfani babba, gama wanda ya matso haka ya san abin da zai harba. Barewa namiji da mace duk suna da ƙaho, amma na namiji ya fi kauri da gwaɓi, na mace siriri ne. Gada da batsiya da mazo kuwa, galibi namiji ne ke da ƙaho. Wanda ya kusa zai ga mai ciki, zai ga mai nono, zai kuma tabbata dabba ce ba ɗan kiwo ne ya tsuguna a bayan geza ba. Maharbin da ya harbi motsin ciyawa bai ga abin da ke motsa ta ba, wannan ba maharbi ba ne, mai neman jawo wa danginsa diyya ne.

INA BAREWA TA TAFI?

Dattawan da suka yi wayo kafin samun mulkin kai a 1960 sun san lokacin da tsakanin gari da gari daji ne, daga Sifawa zuwa Dingyaɗi, daga Kajiji zuwa Dandin Mahe. Yau mai tafiya a hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal abin da zai gani gona ce ta kama gona. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 170,000 a ƙaramar hukumar Boɗinga, da fiye da 150,000 a ta Shagari, kuma tun daga nan ƙaruwa a ke yi. Kowane baki yana bukatar gero, kowane murhu yana bukatar itace. Ga farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, waɗanda suka kashe itatuwa da dabbobi, na gida da na daji. Saboda haka ba gaskiya ba ne a ɗora wa maharbi laifin duka. Gatari da garma da fari sun riga shi.

Amma abin da ya rage kaɗan, shi ne harsashi ɗaya ke yi wa babbar illa. A yi lissafi. Barewa ta kan ɗauki ciki wajen wata shida, ta haifi ɗa guda ɗaya. Ba zomo ba ce, ba kuwa zabuwa ba mai ƙwai cike da gurbi. In a wani kurmi akwai mata biyar, aka kashe uku cikin rani ɗaya, to, ba uku aka kashe ba, har da 'ya'yan baɗi da na baɗin waccan. In ta haihu kuma ta kan ɓoye ɗan cikin ciyawa ta tafi kiwo. Mai wucewa ya gan shi kwance ya ce maraya ne, ya ɗauka ya kai kasuwa ko gidan wani mai kuɗi, alhali uwar tana nan kusa tana kallo.

Daɗin daɗawa, farautar kanta ta sake. Fitilar goshi ta kan ɗauke idon dabba da dare ta tsaya cak, ba a bambanta mace da namiji. Babur ya kan bi ta a fili har numfashinta ya ƙare. Taron farauta na rani, da karnuka da gora da kiɗa, in aka haɗa shi da cinna wa daji wuta, ba ya barin babba ba ya barin ƙarami, wutar kuma ta kan cinye harawar makiyayi da amfanin da manomi bai kwashe ba. Tun a 1933 yarjejeniyar da aka yi a London kan namun dajin Afirka ta yi hani ga korar dabba da mota da kewaye ta da wuta. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa barewar nan mai jan goshi cikin jerin dabbobin da ke fuskantar haɗarin ƙarewa.

GANI GA WANE

Kada wani ya ce ai naman daji ba ya ƙarewa. A tambayi mariri. Da fatarsa a ke yin garkuwa mafi daraja a ƙasar Hausa, garkunansa kuwa sun cika bakin hamada daga Nijar zuwa Cadi. Farauta da mota da bindigar zamani, tare da fari, suka gama da shi, har a shekara ta 2000 aka bayyana cewa babu sauransa a daji ko'ina a duniya. Sai a 2016 aka ɗauko waɗanda aka kiwata a ƙasar Larabawa aka sake su a Cadi, da kuɗi masu yawa da wahala mai yawa.

Ga kuma misali na farin ciki, ba nesa da nan ba. Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma ya ragu har a 1996 bai fi kamar 50 ba, duk a yankin Kure, tsakanin Dosso da Yamai. Da hukuma da mutanen ƙauyuka suka haɗa kai aka daina kashe shi, cikin shekara ashirin da 'yan kai ya haura 600, yana kiwo a gefen gonaki, baƙi suna zuwa kallo. A nan gida, Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, shi ya sa har yanzu akwai inda ɗan makaranta zai je ya ga gwanki da ɓauna. Darasin a fili ya ke. Dabba in an ƙyale ta ta kan dawo da kanta, amma sai in da sauran iri.

ADDINI DA DOKA

Musulunci bai hana farauta ba, amma ya yi mata iyaka. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda a ke karantawa a zaurukan ƙasar nan, ya nuna cewa farauta don wasa makaruhi ce, don bukata kuwa halal. Akwai niyya, akwai ambaton sunan Allah lokacin harbi, in kuma an tarad da dabba da sauran ranta sai an yanka. Malaman Malikiyya na baya, musamman na birnin Fas, sun halatta cin abin da harsashin bindiga ya kashe in an cika sharuɗɗa. Wanda wani abu ya shige masa duhu ya tambayi malamin garinsu. Amma ba malamin da zai halatta ɓarna, ko azabtar da dabba, ko ƙona abincin maƙwabci.

Ta wajen hukuma, Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta kasa dabbobi kashi-kashi, waɗanda ba a taɓawa sam, da waɗanda ba a harbi sai da lasin, ta kuma ba da ikon keɓe gandun daji. A 1985 gwamnatin tarayya ta ƙara da dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa. Dokar Makamai ta 1959 kuwa ta ambaci bindigogin da a ke ɗurawa ta baki a wani aji nasu dabam, ta sa al'amarin lasinsu a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ba a ba yaron da bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ƙera bindiga ba tare da izni ba shi ma laifi ne. Duk mai adaka ya je ofishin 'yan sanda tare da hakiminsa ya ji matsayinsa, kada ya dogara da cewa gado ya yi.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a yanzu. Shekarun nan 'yan fashin daji sun addabi sassa da dama na Jihar Sakkwato da Zamfara, har ya zama duk wanda aka gani da bindiga a bakin daji, zato ya kan riga tambaya. Kowa ya ji abin baƙin cikin da ya auku a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, inda mafarauta 16 'yan Kano, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa gida yin salla, aka tare motarsu, aka ga bindigogin toka, taron jama'a ya kashe su. Wannan zalunci ne wanda ba abin da zai wanke shi. Amma ya isa gargaɗi ga mai tafiya da bindiga, ya riƙe takardarsa, ya sanar da hukuma, kada kuma ya shiga dajin da jami'an tsaro ke aiki a cikinsa.

ABIN DA A KE ROƘO

Ba a zo a raba kowa da sana'ar ubansa ba. Maharbi shi ya san daji, shi ya san magani, shi a ke kira in kura ta dami garke ko an ɓad da sawun ɓarawo. Abin da a ke roƙo shi ne:

1. Sarakunan baka su rubuta sunan kowane maharbi da ke ƙarƙashinsu, su kai wa uban ƙasa.

2. A bar barewa gaba ɗaya. Abin da ya rage a ƙasar nan bai kai a ɗiba ba.

3. Sauran nama, kada a harbi mace mai ciki ko mai ɗa, kada a ɗauki ɗan da aka tarar a kwance, a kuma rataye bindiga daga faɗuwar ruwa har a gama girbi.

4. A bar farautar fitila, da kora da babur, da sa wa daji wuta.

5. Kowane gari ya dubi wani kurmi ko bakin fadama ya hana sara da harbi a cikinsa, a sa maharban garin su zama masu tsaronsa.

6. Kada a ba yaro bindiga sai ya yi shekaru yana bin babba, ya iya ɗuri, ya iya wanki, ya iya haƙura da harbin da bai tabbata ba.

Uwayen ƙasa da hakimai, Allah ya ja zamaninku, wannan aiki ba zai yiwu ba sai da bakinku. Malamai su taimaka da wa'azi a masallatai, malaman makaranta su gaya wa yara. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai zo ba.

Allah ya tsare maharbi daga sharrin ƙarfensa, ya ba ƙasa lafiya da damina mai albarka, ya sa jikokin da ke tasowa su ga barewa tana tsalle a dajin Boɗinga da Shagari. Amin. Wasalam.